Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Bishop Samuel Ajayi Crowther da Maƙabartar Ajele

A tsakiyar tsibirin Legas akwai wani wuri da ake kira Ajele. Mai wucewa a yau ba zai ga kome ba sai gine-gine da hanyoyi, amma a dā wurin babbar maƙabarta ce ta garin. Kalmar ajele da Yarbanci tana nufin wakilin hukuma. A nan aka binne jami'an Turawa na zamanin farko, da 'yan kasuwa, da malaman makaranta, da ma'aikatan Ikkilisiya. Da yawa daga cikin baƙaƙen fatar da aka kwantar a wurin bayi ne da aka 'yanta, ko kuwa 'ya'yansu. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama Bishop a Ikkilisiyar Angilikan. Ya kamata mu san tarihinsa, domin yana cikin waɗanda suka fara buɗe hanyar Bishara ta Kogin Kwara zuwa Arewa.

HAIHUWARSA DA BAUTARSA

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Oyo ta Yarbawa. A lokacin daular Oyo tana rugujewa, yaƙi ya cika ƙasa. A shekara ta 1821 mayaƙan Yarbawa da na Fulani masu farautar bayi suka faɗa wa garin, suka ƙone shi, suka kama Ajayi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Bai ƙara ganin mahaifinsa ba. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwar kuma. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har an taɓa musayarsa da doki, daga ƙarshe ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko, wato Legas.

A watan Afrilu na 1822 aka sa shi cikin jirgin ruwan bayi domin a ƙetare teku da shi. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙin Ingila masu hana cinikin bayi suka tare shi. Aka ɗauki Ajayi cikin wani jirgi da Kyaftin Henry Leeke yake shugabanta, aka sauke shi a Firitawun ta ƙasar Saliyo. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

KARATUNSA DA IYALINSA

A Saliyo 'yan mishan na C.M.S. suka karɓe shi. Ya koyi karatu da sauri ƙwarai, ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba 1825 Rabaran John Raban ya yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, wani limami na birnin Landan. A 1826 aka kai shi Ingila ya yi ɗan karatu, a 1827 kuma ya zama ɗalibi na farko a makarantar Fourah Bay. Bayan ya gama ya zama malamin makaranta.

Ya auri Asano, wadda sunanta na baftisma Susan. Ita ma daga jirgin bayi aka cece ta. Sun yi zaman aure na kimanin shekara 50, har ta rasu a 1880. Cikin 'ya'yansu akwai Dandeson, wanda ya bi sawun ubansa har ya zama Akdikin, da Abigail, wadda za mu sake ambata a gaba.

TAFIYA TA FARKO A KOGIN KWARA

A shekara ta 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage 3 su hau Kogin Kwara, domin a ƙulla alkawari da sarakuna a daina cinikin bayi. C.M.S. ta sa mutum biyu cikin tafiyar, Rabaran J. F. Schön da Crowther. Wannan Schön shi ne ya duƙufa kan koyon Hausa, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya juya wasu littattafai na Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu. Tafiyar ta ƙare da baƙin ciki, gama zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. Abin da shugabannin mishan suka koya shi ne, in ana so Bishara ta shiga cikin ƙasa, sai 'yan ƙasa ne za su kai ta. Saboda haka aka kira Crowther Ingila, Bishop na Landan ya naɗa shi aikin limanci a 1843. A shekarar kuma aka buga littafinsa na kalmomin Yarbanci.

ABEKUTA

A 1845 ya sauka Badagiri, a 1846 kuma shi da Rabaran Henry Townsend suka shiga Abekuta suka kafa mishan. Ba su daɗe da isowa ba ya sami labari mahaifiyarsa tana da rai a wani gari kusa. Suka sadu bayan rabuwar shekara 25. A 1848 aka yi mata baftisma da suna Hannatu, tana cikin masu bi na farko a Abekuta. A 1851 ya je Ingila ya gana da Sarauniya Biktoriya, ya yi mata bayanin ɓarnar cinikin bayi, ya kuma karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci.

AIKINSA A ƘASAR NUFE

A 1854 ya sake hawan kogi tare da Likita William Baikie, suka bi Binuwai. A wannan karo kowa yana shan kwinin, ba wanda ya mutu. A 1857 suka koma, ya bar Rabaran J. C. Taylor a Anaca domin ya fara aiki a cikin Ibo. Suka ci gaba, amma jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace. Crowther bai zauna banza ba. Watannin da ya yi a wurin ya yi su yana koyon Nufanci, yana ziyarar Raba da garuruwan kewaye. A 1860 ya buga littafin koyon karatu da Nufanci, a 1864 kuma littafin nahawu da kalmominsa. An yi baftisma a Gbebe, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, a 1862, aka kuma buɗe tashar mishan a Lakwaja a 1865.

Yadda ya zauna da sarakunan Musulmi abin koyi ne. Yakan je Bida ya gai da Etsu Masaba, yakan ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, ba ya zagin addinin kowa. A 1872, a fadar Sarkin Ilori, aka yi masa tambayoyi a kan Almasihu a gaban malamai. Bai yi gardama ba, sai ya riƙa buɗe Littafi yana nuna amsa a ciki, aka rabu lafiya. Saboda amincewar da aka yi da shi, a shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa yana roƙo ya kai kuka wurin Sarauniyar Ingila a daina shigo da barasa ƙasar Nufe, domin tana lalatar da jama'a.

NAƊINSA BISHOP

Babban Sakataren C.M.S., Rabaran Henry Venn, yana da ra'ayi cewa dole Ikkilisiyar kowace ƙasa ta riƙe kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa Bishara da kanta. Shi ya matsa a naɗa Crowther, ko da yake waɗansu 'yan mishan Turawa, har da Townsend, ba su so ba. Crowther kansa ya yi ta nuna bai isa ba. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari, Jami'ar Oksfod kuma ta ba shi digirin Dakta. Cikin taron akwai Henry Leeke, wanda ya ɗauke shi daga jirgin bayi shekara 42 kafin ranar. Amma ba a sa Legas da Abekuta a ƙarƙashinsa ba, inda Turawa suke aiki, sai ƙasashen bakin kogi.

Ya kafa aiki a Bonny da Brass da sauran garuruwa. Aikin ba mai sauƙi ba ne. A 1867 wani basarake mai suna Abokko, a yankin Idah, ya tsare shi tare da Dandeson yana neman fansa. Wani jami'in Ingila, William Fell, ya zo ceton su, kibiya mai dafi ta same shi ya mutu. Duk da haka Bishop bai daina hawan kogi ba. A gefe guda kuma yana jagorar aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, wanda aka kammala a 1884.

KWANAKIN WAHALA

Bayan rasuwar Venn a 1873 iska ta juya. Kamfanin Turawa ya kame cinikin kogi, aka ture baƙaƙen 'yan kasuwa, ra'ayin raina baƙar fata kuma ya shiga har cikin mishan. Gaskiya ne akwai ma'aikatan da suka yi laifi, Bishop kuma mai sanyin hali ne, ya fi son gyara da kora. Tashoshin suna nesa da juna, jirgi kuma ba kullum ake samu ba. Amma samarin 'yan mishan da suka zo daga Ingila wajen 1890 ba su tsaya auna waɗannan ba. Suka kori ma'aikata da yawa, waɗansu ba tare da an ji ta bakinsu ba. A watan Agusta na 1890, a taron kwamiti a Anaca, sakataren mishan Rabaran F. N. Eden ya dakatar da Akdikin Dandeson a gaban mahaifinsa. Dattijon da ya haura shekara 80 ya sauka daga kwamitin.

A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya yi barci cikin Ubangiji a Legas ran 31 ga Disamba 1891, aka binne shi a maƙabartar Ajele. Aka naɗa Bature a gurbinsa. Sai da aka yi shekara 60 kafin baƙar fata ya sake riƙe diyosis na Angilikan a ƙasar nan. Biyu daga cikin samarin, J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke, waɗanda suka zauna Lakwaja da nufin shiga ƙasar Hausa, su ma ciwo ya ɗauke su a 1891 da 1892. Sai a 1900 Bishop Herbert Tugwell da Likita Walter Miller suka kai Kano, a 1932 kuma aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

MAƘWABTANSA A AJELE

Bishop bai kwanta cikin baƙi ba. Surukinsa Rabaran Thomas Babington Macaulay, mijin Abigail, ya riga shi zuwa wurin. Shi ɗan bayin da aka 'yanta ne a Saliyo, shi ne kuma ya kafa makarantar C.M.S. Grammar School ta Legas a 1859, makarantar sakandare ta farko a Nijeriya. Ciwon agana ya kashe shi a 1878. Ɗansa Herbert Macaulay, jikan Bishop, ya zama jagoran neman 'yancin ƙasa. Ciwon ajali ya kama shi a Kano a 1946 yana rangadin siyasa, aka mai da shi Legas ya rasu.

A 1906 aka kawo Kyaftin James Pinson Labulo Davies. Shi ma iyayensa daga jirgin bayi aka cece su. Ya zama matuƙin jirgin ruwa da babban ɗan kasuwa, shi ya ba Macaulay fam 50 na fara makarantar, yana kuma cikin waɗanda suka fara noman koko a ƙasar nan. Matarsa Sarah Forbes Bonetta baiwa ce tun tana ƙarama, Sarauniya Biktoriya ta ɗauki nauyin renonta. Ita a tsibirin Madera ta rasu a 1880, can aka binne ta.

A shekara ta 1971 gwamnatin soja ta Jihar Legas, a ƙarƙashin Mobolaji Johnson, ta ba da sanarwa a kwashe kaburburan Ajele domin a gina ofisoshin gwamnati. Mutane da yawa sun yi kuka da wannan, har da marubuci Wole Soyinka, amma aka rushe maƙabartar. Bishop Seth Kale na Legas da iyalin Crowther suka tsaya a kan a yi abin da mutunci. A 1976 aka sake binne ƙasusuwansa da babbar sujada, aka kuma kafa dutsen tunawa da shi a babbar majami'ar Kristi da ke Marina. Wanda aka yi ta ɗauka daga wuri zuwa wuri yana yaro, ga shi bayan mutuwa ma an sake ɗaukarsa. A 2014, da aka cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishop Justin Welby ya tsaya a Kantabari ya nuna tuba saboda wulakancin da aka yi masa.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, maƙabartar Ajele ta shuɗe, kaburbura da yawa ba wanda zai iya nuna wurinsu yau. Amma makarantar Macaulay tana nan tana koyarwa, Yarbawa suna karanta Littafi Mai Tsarki da harshensu, ana kuma sujada a Lakwaja da Anaca da Bonny. Abin da ya rage mana shi ne mu rubuta sunayen iyayenmu na bangaskiya tun masu tunawa da su suna da rai, mu kula da inda suke kwance, mu kuma girmama dattawan da ke cikinmu kafin ranar jana'izarsu. Ubangiji ya ba mu haƙuri da aminci irin na bawansa Samuel Ajayi Crowther. Amin.