Alexander Lippisch, Maƙerin Jirgin Roka Na Farko

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da hantsi ya ga shirwa tana shawagi, ya san akwai tafiyar da ba ta bukatar kaɗa fiffike. Takan shimfiɗa fukafukanta kurum, iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ta yi ta ɗaga ta har ta zama kamar ƙuda. Turawa sun daɗe da ƙera jirgin sama mai irin wannan tafiya, ba inji ba farfela. A nan za mu kira shi jirgin shawagi.

A Turai da Amurka akwai mutane, yara da manya, waɗanda abin sha'awarsu shi ne su ƙera ƙananan jiragen shawagi da katako maras nauyi ko roba. Sukan sa wa jirgin 'yar ƙaramar roka, ta cilla shi sama cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da wutar rokar ta mutu sai ya shiga shawagi, mai shi kuwa yana tsaye a fili yana juya shi da akwatin rediyo har ya sauko. Wannan wasa yana da asali, kuma ba za a ba da tarihinsa ba sai an ambaci wani Bajamushe mai suna Alexander Lippisch.

An haifi Lippisch a birnin Munik ran 2 ga Nuwamba, 1894. Ubansa mai zanen hotuna ne, shi ma da farko sana'ar da ya yi niyyar bi ke nan. Cikin watan Satumba na 1909, yana da shekara 14, ya ga Orville Wright ya tashi da jirginsa a wani fili a Balin. Orville ɗin nan shi da wansa suka fara tashi da jirgi mai inji a Amurka cikin 1903. Tun daga ran nan zuciyar yaron ta koma sama. Da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ɗauke shi soja, ya yi aiki a fagen fama na wajen Rasha daga 1915 zuwa 1918. Aikinsa shi ne ɗaukar hoton ƙasa daga cikin jirgi da zana taswira. Bayan yaƙi ya yi aiki a kamfanin Zeppelin.

Da aka ci Jamus da yaƙi, sharuɗɗan sulhun 1919 suka hana ta jiragen soja, suka kuma takura ƙirar jirage masu inji. To, an ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, amma in abinci ya yi ƙaranci kowa dabara yake koya. Samarin Jamus da ke son tashi sama suka koma ga jirgin shawagi, tun da shi ba a hana ba. Daga 1920 suka riƙa taruwa kowace shekara a kan wani dutse mai suna Wasserkuppe, mai tsawon mita 950, suna gasa. Yadda suke tashi kuwa, sai a maƙala wa hancin jirgin doguwar igiyar roba, ƙarti su ja ta da gudu suna gangara, waɗansu su riƙe jirgin ta baya. Da an saki sai ya fyalle kamar dutse daga gwafar danƙo.

Lippisch ya tare a dutsen nan, kuma cikin 1925 aka ba shi shugabancin sashen ƙira na ƙungiyar da ke kula da wannan aiki. Cikin 1926 ya fitar da wani jirgin koyo mai sauƙin ƙira, sunansa Zögling, watau Ɗalibi. Ba shi da ɗaki, mai koyo kan wani ɗan benci yake zama iska na bugunsa. Saboda araharsa aka yi ta kwaikwayonsa a ƙasashe da yawa, kuma dubban matuƙa a kansa suka fara.

Amma babban abin da ya dami Lippisch shi ne jela. Jiragen da muka saba gani suna da manyan fukafukai a tsakiya da ƙanana a baya, waɗanda ke hana hancin jirgin dulmiya ko ɗagawa. Shi a ganinsa doguwar jelar nan ƙarin nauyi ce, kuma tana ja da iska. Ya yi ta neman siffar fiffiken da zai riƙe kansa da kansa. Jiragensa na farko marasa jela ya sa musu suna Storch, watau Shamuwa. Dabararsa kuwa ɗaya ce, bai sāke ta ba. Ya fara ƙera ƙaramin samfur ya jefa a iska ya ga halinsa. In ya yi kyau ya ƙera babba maras inji, mutum ya hau. Sai wannan ya ci jarrabawa sa'an nan a yi zancen inji. Samfur in ya faɗi asarar katako ce, ba ta rai ba.

Cikin 1928 waɗansu mutum uku suka hau dutsen. Akwai Fritz von Opel, ɗan gidan masu kamfanin motocin Opel, shi ne mai kuɗin. Akwai Max Valier, marubuci mai burin zuwa sararin samaniya. Na ukunsu Friedrich Sander, wanda sana'arsa yin rokokin albarushi da ake cilla igiya da su zuwa ga jirgin ruwan da ya shiga hatsari. Sun riga sun gwada roka a jikin mota, yanzu jirgin sama suke nema. Jirgi mai jela ba zai yi ba, don wutar roka za ta cinye jelar. Lippisch kuwa yana da wani jirgi da ƙananan fukafukansa ke gaba, manyan na baya. Doguwar wuyansa ta sa ake kiransa Ente, watau Agwagwa. Bayansa fili ne, wuta ba ta da abin kamawa.

Yadda ya saba, sai da aka fara ɗaura rokoki a jikin ƙananan samfura aka ga tashinsu. Sa'an nan ran 11 ga Yuni, 1928, aka sa wa Agwagwa roka biyu, wani malamin tuƙi mai suna Fritz Stamer ya shiga. Gwajin farko bai yi ba. Da aka sāke, jirgin ya tashi, Stamer ya kunna rokokin ɗaya bayan ɗaya, ya yi tafiyar wajen mita 1,500 cikin minti ɗaya da 'yan kai, ya sauka lafiya. Wannan shi ne karo na farko da roka ta ɗauki ɗan Adam a sama. A tashi na gaba roka ɗaya ta fashe, wuta ta kama fiffike. Stamer ya yi ta maza ya sauko da jirgin ya fice, Agwagwa kuwa ta ƙone. Valier shi ma bai daɗe ba, wani injin roka da yake gwaji ya fashe ya kashe shi a Balin cikin 1930.

Lippisch ya ci gaba da jiragensa marasa jela. Ya koma ga fiffike mai kusurwa uku, ya sa wa jerin suna Delta, don haka wannan harafi na Girkawa yake. Ana nan sai Hitila ya hau mulki cikin 1933, kuɗin gwamnati ya fara kwarara ga duk abin da zai yi amfani a yaƙi. Cikin 1939 Lippisch da mutanensa suka koma kamfanin Messerschmitt, aka ba su aikin jirgin yaƙi mai roka. Abin da ya fito shi ne Me 163, wanda ake kira Komet, watau tauraruwa mai wutsiya. Ran 2 ga Oktoba, 1941, matuƙinsa Heini Dittmar ya yi gudun kilomita 1,004 a awa. Ba wanda ya taɓa kai haka a lokacin, amma aka ɓoye labarin saboda yaƙi.

In an duba da kyau, Komet jirgin shawagi ne aka ba shi roka da bindiga. Da ya bar ƙasa sai ya yar da ƙafafunsa. Yakan kai mita 12,000 cikin minti uku da kaɗan, amma mansa ba ya wuce minti takwas. Daga nan sai shawagi, ya zo ya sauka a kan wani sulɓaɓɓen ƙarfe da ke cikinsa. Mansa ruwa iri biyu ne, waɗanda da sun haɗu sai wuta, kuma ɗayansu yana cin naman mutum. Saboda haka matuƙa da yawa a filin jirginsu suka mutu, wajen tashi ko sauka, ba abokin gaba kusa. An ƙera fiye da 300, an fara yaƙi da su cikin 1944, amma jiragen da suka harbo ba su kai 20 ba. Ga shi kuma a shekarun nan masana'antun jiragen Jamus da fursunoni da mutanen da aka kamo tilas suke aiki, da yawansu kuwa can suka mutu. Lippisch bai jitu da mai kamfanin ba, ya bar shi cikin 1943 ya tafi Biyana ta ƙasar Ostiriya. Amma can ma binciken jiragen yaƙi ya ci gaba da yi har Jamus ta faɗi cikin 1945.

Bayan yaƙi Amurka ta kwashi masanan Jamus da yawa, har da shi. Ta kuma ɗauke wani jirgin shawagi mai kusurwa uku da ɗalibai suka ƙera bisa tsarinsa, aka auna shi a ramin gwajin iska. Cikin 1948 jirgin Amurka mai irin wannan fiffike, XF-92, ya tashi, daga baya kuma siffar ta bazu cikin jirage masu tsananin gudu. Daga 1950 zuwa 1964 Lippisch ya yi aiki a kamfanin Collins a jihar Iowa. A can ya yi shirye-shiryen talabijin yana nuna wa jama'a da hayaƙi yadda iska ke bin bayan fiffike. Ya kuma ƙera wani abin hawa da ke tafiya dab da fuskar ruwa, iskar da ta matse a ƙarƙashinsa tana tallafe da shi. Ya rasu a garin Cedar Rapids ran 11 ga Fabrairu, 1976, yana da shekara 81.

Yau jirgin roka mai shawagi ya koma hannun masu wasa, inda ya fi dacewa. Ba a cusa albarushi da hannu kamar zamanin Sander, rokar a masana'anta ake yin ta, kuma da waya ake kunna ta daga nesa. Har gasar ƙasa da ƙasa ake yi. A wani rukuni ana so jirgin ya yi minti shida daidai a sama, ya kuma sauka a kan alamar da aka yi a fili. Rokar ba ta ba shi sai 'yan daƙiƙoƙi, sauran lokacin tilas mai shi ya nemo iska mai tashi kamar yadda shirwa ke yi. Cikin samfuran da masu wannan sha'awa ke son ƙerawa har da na Komet, don duk da mugun sunansa matuƙansa sun shaida ya iya shawagi.

'Yan'uwana ɗalibai, abu biyu na gani a rayuwar mutumin nan. Na farko, bai raina ƙaramin abu ba. Da guntun katako da takarda ya gano abin da ya kai jirgi gudun kilomita dubu, saboda haka kada mu raina abin da muke haɗawa a ɗakin kimiyya ko ɗakin sassaƙa. Na biyu ya fi nauyi. Lippisch ya yi shekaru yana jefa samfur don kada matuƙi ɗaya ya mutu a banza, amma da ya miƙa gwanintarsa ga azzalumar gwamnati, jirginsa ya ci samarin da suka hau shi. Cikinmu akwai waɗanda za su zama injiniyoyi in Allah ya so. Ranar da aka kawo mana aiki da kuɗi, ya kamata mu tambayi abin da za a yi da shi tun ba mu ɗauki fensir ba.