Martin Luther Da Wasiƙar Bulus Zuwa Ga Romawa

An haifi Martin Luther ran 10 ga watan Nuwamba, 1483, a garin Eisleben na ƙasar Jamus. Kada masu karatu su ɗauka shi ne Martin Luther King, baƙar fatar nan na Amurka da aka harbe a 1968, domin shi wancan sunan wannan ya ci. Mahaifinsa, Hans, ɗan manoma ne da ya koma sana'ar haƙar jan ƙarfe a Mansfeld har ya sami abin hannu, saboda haka ya ƙudura ɗansa ba zai shiga rami ba, lauya zai zama. Ya aika shi Jami'ar Erfurt a 1501, yaro ya sami digiri na biyu a 1505, ya fara karatun shari'a.

Cikin watan Yuli na wannan shekara hadari ya rutsa da shi a hanya, tsawa ta faɗi dab da shi. Don tsananin firgita ya yi bakance cewa in ya tsira zai rabu da duniya. Mako biyu bayan haka ya shiga gidan 'yan zuhudu na ɗariƙar Agustin a Erfurt, mahaifinsa kuwa ya yi fushi ƙwarai. Aka naɗa shi limamin coci a 1507, ya zama dakta a ilimin addini a 1512, aka ba shi kujerar koyar da Littafi Mai Tsarki a sabuwar Jami'ar Wittenberg.

Duk da wannan ɗaukaka hankalinsa bai kwanta ba. Ya yi azumi, ya hana idonsa barci, yakan shafe sa'o'i yana furta laifuffukansa gaban shugabansa, Johann von Staupitz, amma da ya fito sai ya tuna wani abin da ya manta. Tambayar da take cinsa ita ce: yaya mutum zai san aikin kirkin da ya yi ya kai ma'auni? Duk inda ya ci karo da maganar adalcin Allah a cikin littafi sai gabansa ya faɗi, don a fahimtarsa adalcin alƙali ne mai jiran yanke hukunci.

A 1515 ya fara karantar da ɗalibansa Wasiƙa zuwa ga Romawa. Manzo Bulus ne ya rubuta ta daga birnin Koranti wajen shekara ta 57, zuwa ga Kiristocin Roma waɗanda bai taɓa ziyarta ba, wasunsu Yahudawa, wasu kuma ba Yahudawa ba. Abin da ake jayayya a kai a zamanin Bulus shi ne ko wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya, ya kiyaye Shari'ar Musa, kafin a karɓe shi. Bulus ya amsa da cewa Bayahude da wanda ba Bayahude ba duk masu laifi ne, shari'a tana tona zunubi amma ba ta wanke shi, kuma Allah yana kuɓutar da mutum kyauta, saboda alherinsa, ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu. Ya kawo misalin Ibrahim, wanda aka lasafta shi adali saboda ya gaskata alkawarin Allah tun bai yi kaciya ba. Ya kuma toshe ƙofar masu neman hujjar sheƙe aya, ya nuna wanda aka yafe wa ba shi da izinin ci gaba da saɓo.

Luther ya daɗe yana juya aya ta 17 ta babi na farko, har ya kai ga fahimtar cewa adalcin da ake nufi a wurin baiwa ce da Allah yake yi wa mai bangaskiya. Ayyukan kirki kuwa 'ya'yan itace ne da suke fitowa daga baya, ba kuɗin sayen ceto ba. Daga baya ya kwatanta wannan ganewa da sake haihuwa.

Da maganar ta tsaya a aji, mai yiwuwa da ba a ji sunansa ba. To, amma akwai kuɗi a ciki. A lokacin ana sayar da takardun rangwame, waɗanda aka ce suna rage wa mutum, ko mamacinsa, azabar tsarkakewa bayan mutuwa. Paparoma Leo na Goma yana neman kuɗin gina majami'ar Bitrus a Roma, shi kuma Albrecht, babban bishop na Mainz, bashin bankin Fugger ya yi masa katutu, domin da rance ya biya kuɗin samun muƙaminsa. Aka shirya a raba abin da aka samu. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya riƙa tallar takardun a garuruwan da ke kusa da Wittenberg, talakawa suka yi ta tururuwa. Ran 31 ga Oktoba, 1517, Luther ya aika wa Albrecht wasiƙa haɗe da batutuwa 95 na muhawara cikin Latin. Masu ɗab'i suka buga su, aka fassara su da Jamusanci, kafin a ankara sun bazu ko'ina.

Paparoma ya ba shi kwana 60 ya janye a 1520. Maimakon haka ya ƙone takardar a bainar jama'a ran 10 ga Disamba, aka kore shi daga cocin Katolika a Janairu, 1521. A watan Afrilu aka gurfanar da shi gaban Sarki Charles na Biyar a majalisar daula a birnin Worms. Kowa ya san an ƙone Jan Hus da ransa a 1415 duk da alkawarin tsaro da aka yi masa. Luther ya roƙi a ba shi kwana ɗaya ya yi tunani, kashegari ya ƙi janyewa sai an kayar da shi da nassi ko hujjar hankali. Aka halatta jininsa.

Sarkin Saxony, Frederick, ya sa aka sace shi a hanya don a tsirar da shi, aka ɓoye shi a fadar Wartburg wajen wata 10. A nan ya fassara Sabon Alkawari daga Helenanci zuwa Jamusanci cikin mako 11, aka buga a Satumba, 1522. Da ya zo babi na 3, aya ta 28 ta Romawa, sai ya ƙara kalmar da take nufin kaɗai a jikin bangaskiya, alhali babu ita a asali. Abokan hamayyarsa suka ce ya yi wa nassi ƙari, shi kuwa ya ce ma'anar ke nan, kuma haka bakin Jamusawa yake faɗinta. Sun kuma riƙe masa Wasiƙar Yakubu, wadda take koyar da cewa bangaskiya marar aiki matacciya ce, wasiƙar da shi Luther bai ba ta daraja sosai ba. Wannan gardama ba ƙarama ba ce, kuma kowane ɓangare yana da nassin da ya dogara a kai.

A 1525 ya auri Katharina von Bora, wadda ta gudo daga gidan mata 'yan zuhudu, suka haifi 'ya'ya shida. Fassarar dukkan Littafi Mai Tsarki ta fito a 1534, ta kuma yi tasiri mai yawa wajen daidaita Jamusancin rubutu.

Tarihinsa ba fari fat ba ne. Da manoman Jamus suka yi tawaye a 1525, wasunsu suna kafa hujja da maganarsa ta 'yancin Kirista, ya rubuta wa sarakuna su murƙushe su ba tausayi, aka kashe dubun dubata. A 1543 ya rubuta littafi mai muni a kan Yahudawa, har da kiran a ƙone wuraren ibadarsu, wanda 'yan Nazi suka yi amfani da shi bayan ƙarni huɗu. Abin mamaki ne wannan ya fito daga alƙalamin mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan wasiƙar wani Bayahude.

Ya rasu ran 18 ga Fabrairu, 1546, a Eisleben inda aka haife shi, yana da shekara 62, bayan ya je sasanta rikicin sarakunan Mansfeld. Aka binne shi a majami'ar fada ta Wittenberg. Majalisar Trent ta cocin Katolika ta yi tir da koyarwarsa a 1547, amma a 1567 Paparoma Pius na Biyar ya hana haɗa rangwame da kuɗi.

Mabiyansa sun iso Nijeriya a 1913, lokacin da Dakta Niels Brønnum, ɗan ƙasar Denmark, ya sauka a Numan, inda hedkwatar cocin Lutheran ta Kristi a Nijeriya take. Ran 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, wakilan cocin Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a wata takarda, inda suka yarda cewa ceto alherin Allah ne da ake samu ta wurin bangaskiya, wadda ita kuma take haifar da aikin kirki, suka kuma bayyana cewa tsinuwar da kakanninsu suka yi wa juna a kan wannan batu ba ta hau abin da takardar ta ƙunsa ba.