Cocil: Mutumin Da Ya Fara Koyon Zane Yana Da Shekara 40

Filinmu na tarihin mashahuran mutane a wannan fitowa zai leƙa Ingila ne, wurin wani Bature da kusan duk gidan da ya taɓa yin tsohon soja an ji sunansa, wato Winston Churchill, ko Cocil a bakin Bahaushe. Iyaye da kakanninmu da aka kwasa zuwa Boma a zamanin yaƙin Hitila, ai a ƙarƙashin gwamnatinsa suka yi wannan yaƙi. To amma ba jarumtakarsa ce ta sa muka ɗauko shi ba. Abin da ya ja hankalinmu wani ɓangare ne na rayuwarsa da ba a cika faɗa ba: mutumin nan ya mutu ya bar zanen fenti fiye da 500, alhali kuwa bai fara ba sai da ya cika shekara 40.

An haife shi ranar 30 ga Nuwamba 1874 a gidan sarauta na Blenheim. Ubansa ɗan majalisa ne, uwarsa kuma Ba'amurkiya. Ya shiga soja, ya yi aiki a Indiya, kuma yana cikin mahayan da suka gwabza da mayaƙan Mahadi a Ondurman ta Sudan a 1898. A 1900 ya shiga majalisa. Daga ƙarshen 1905 ya zama ƙaramin minista a ofishin da ke kula da ƙasashen da Ingila ta mallaka, kuma a nan ne hanyarsa ta ratsa ta ƙasarmu. Da sojojin Gwamna Lugga suka rushe garin Satiru kusa da Sakkwato a 1906, suka karkashe talakawan da mafi yawansu ba su da makami sai fartanya da gatari, Cocil ya rubuta rashin amincewarsa a takardun ofis. Takarda dai ba ta dawo da ran kowa ba, kuma shi kansa bai taɓa shakkar cewa mulkin mallaka daidai ne ba.

A 1911 aka ba shi ministan sojan ruwa, a lokacin da babu ƙasar da ta kai Ingila jiragen yaƙi. Ga ƙuruciya, ga baki, ga mulki. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, ya tsaya kai da fata a kan a kai wa Turkiyya hari ta mashigin ruwa na Dardanel. Harin ya ci tura, aka yi asarar jirage, sannan sojoji dubbai suka hallaka a gaɓar Galifoli. A watan Mayu 1915 aka cire shi, aka ba shi wata kujera ta jeka-na-yi-ka.

Duk wanda ya daɗe a nan Kurmi ya san irin wannan faɗuwa. Ka ga maigida mai saukar baƙi, fatake cike da ƙofarsa, dillalai na jiran abin da zai ce, rana ɗaya ciniki ya karye, ko a ba wani sarautar da ya sa wa rai, sai ka ga mutum ya koma zaure yana ta zubewa ba tare da ciwon komai ba. Haka Cocil ya zama. Yaƙi na ci, yana ganin rahotanni, amma ba mai neman shawararsa. Matarsa Clementine ta faɗa daga baya cewa ta ɗauka baƙin ciki ne zai yi ajalinsa.

A wannan hali suka kama hayar wani gidan gona a gundumar Surrey don su ɗan huta. Wata rana yana zagaye cikin lambu sai ya iske matar ƙanensa, Gwendoline, tana zane da fentin ruwa. Ya tsaya kallo, ta miƙa masa buroshi. Daga nan ya ɗauki akwatin fentin yara ya yi ta gwadawa, bai daɗe ba ya sayo kayan fentin mai cikakku. Amma da ya kafa farin ƙyallen a gabansa, sai tsoro ya kama shi. Ka ji fa, mutumin da ya shiga ruwan harsashi a kan doki, ga shi ƙyalle ya gagare shi! Da ƙyar ya ɗiga ɗan shuɗi guda, ya zauna yana kallonsa. Ana haka sai ga Hazel, matar wani shahararren mai zane da ake kira John Lavery. Ta ga abin da ake ciki, ta fizgi buroshin da ya fi kowanne girma, ta tsoma a fenti, ta shiga zabga wa ƙyallen. Da ya ga sama ba ta faɗo ba, shi ma ya kama, kuma tun daga ranar tsoron ya sake shi.

A ganina nan ne wurin da ya fi cancanta a yaba masa. Ba kowane babba ne zai yarda ya koma ɗan koyo ba, balle a ce mace ce ta nuna masa. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kuma an ce gemu ba ya hana ilimi, shi ya bi ta biyun (ko da yake shi bai taɓa ajiye gemu ba). Ya riƙa zuwa ɗakin aikin Lavery yana kallon yadda ake haɗa launi, daga baya kuma ya ɗauki karatu wurin wani gwani, Walter Sickert. A ƙarshen 1915 ya ajiye kujerarsa ya koma soja, aka tura shi bakin daga a Beljiyam, can ma bai bar buroshi ba, yana zana rusassun gidaje ga igwa na tashi.

Me ya samu a ciki? Bayanin da ya yi a wata maƙala mai sauƙi ne: ƙwaƙwalwar da ta gaji ba ta hutawa don an ce mata ta huta, sai an ba ta wani aiki dabam wanda zai cinye ta gaba ɗaya. Mai zane dole ido da hannu da hankali su taru wuri ɗaya, babu sauran gurbin tunanin wanda ya ci amanarka. Mai ɗinkin hula ko mai zayyanar allo zai gane wannan magana. A shekarar 1921 ya rasa mahaifiyarsa, ya kuma rasa 'yarsa Marigold da ba ta cika shekara 3 ba, Allah Sarki, nan ma zanen ya koma wa.

Yawancin abin da yake zanawa itatuwa ne, da ruwa, da duwatsu, da gine-gine, ba safai yake zana mutane ba. Yana son launi mai haske ƙwarai. Da yake ya san mutane za su yabe shi don sunansa, sai ya riƙa ɓoye sunan. A 1921 ya kai zanensa baje koli a Faris da sunan Charles Morin, har aka sayi wasu. A 1947 ya aika wa babbar cibiyar masu zane ta Landan da sunan David Winter, aka karɓi guda 2, shekara ta zagayo suka ba shi matsayin girmamawa. Masana dai ba sa jera shi cikin manyan gwanaye, shi ma bai taɓa cewa shi gwani ne ba.

Daga 1929 zuwa 1939 ba shi da wani muƙami a gwamnati. Ya zauna a gidansa na Chartwell yana rubutu, yana zane, har da aikin birkila, don da hannunsa ya gina wasu katangun gidan. A wannan tsakani ya fara zuwa Marakish ta ƙasar Maroko, hasken garin ya shiga ransa. Da ya zama Firayim Minista a watan Mayu 1940, sai ya ajiye buroshi, duk tsawon yaƙin zane ɗaya tak ya yi. A Janairu 1943, bayan taron Kasablanka, ya matsa wa shugaban Amurka Roosevelt sai sun je Marakish sun ga faɗuwar rana a kan duwatsun Atlas. Roosevelt ba ya iya tafiya, ɗaukarsa aka yi aka hau da shi bene. Da baƙon ya tafi, Cocil ya tsaya ya zana hasumiyar masallacin Kutubiyya, ya ba shi kyauta. Wannan zane ne aka yi gwanjonsa a Landan a 2021 a kan fam miliyan 8 da 'yan kai. Sai dai kada kyan zane ya rufe mana ido. A wannan shekara ta 1943 yunwa ta kashe mutane wajen miliyan 3 a Bengal ta Indiya, kuma masana tarihi da yawa na ɗora wa gwamnatinsa alhakin jan ƙafa wajen aika hatsi.

Yaƙi na ƙarewa a Turai, mutanen Ingila suka kayar da jam'iyyarsa a zaɓen Yuli 1945. Yana da shekara 70, ga nasara a hannu, ga kunyar faɗuwa. Wannan karon bai zauna zaman zaure ba. Ya tattara fentinsa ya tafi tafkin Komo a Italiya, ya yi makonni yana zane daga safe har yamma. Ya sake hawa mulki daga 1951 zuwa 1955. Wani abin dariya, da ya cika shekara 80 majalisa ta sa wani gwani, Graham Sutherland, ya zana shi. Mai zanen ya fito da shi yadda yake, tsoho a zube kan kujera. Cocil ya tsani hoton, aka ɓoye shi, daga baya aka ƙone shi.

Ya ci gaba da zane har ya haura shekara 80 da 'yan kai, kafin ƙarfi ya gaza. Ya mutu ranar 24 ga Janairu 1965 yana da shekara 90. Ɗakin zanensa na nan a lambun Chartwell, bangon cike da aikinsa, wasu ma bai ƙarasa su ba, masu yawon buɗe ido na shiga suna kallo.