Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira

Tun kafin jami'o'i su fara haɗa masana fannoni daban-daban kan ƙirƙirarriyar basira, Katsina ta yi malamin da ya haɗa lissafi, ilimin taurari da nahawu shi kaɗai: Muhammadu al-Katsinawi, Bafulatani.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimin lambobi, wanda duk layin da aka tara, tsaye ko kwance, jimla ɗaya ce. Abin sha'awar, ya shimfiɗa ƙa'idar cike gidajen daki-daki, irin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta yau.

Bayan aikin hajji ya zauna Alƙahira, a gidan malami Hasan al-Jabarti, wanda ya ɗauki wannan ilimi a wurinsa. A gidan ya rasu a 1741.