Rashidi Yekini: Bijimin Kaduna da ya taka leda a ƙasashe takwas

Dare ya riga ya raba a Najeriya lokacin da aka take wasa tsakanin Super Eagles da Bulgeriya a filin Cotton Bowl na birnin Dallas, ranar 21 ga Yuni, 1994. A minti na 21 Finidi George ya kwaso ƙwallo daga gefen dama ya miƙo ta gaban raga, Rashidi Yekini ya tura ta ciki. Bai ruga wajen 'yan kallo ba. Cikin ragar ya shige, ya damƙe igiyoyinta da hannu biyu yana jijjigawa, yana kururuwa kamar mai kuka. Wannan ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, kuma duk wanda ya yi wayo a wancan zamani, ko a Mafoni ta Maiduguri ya tashi ko a Tudun Wadar Kaduna, da wannan hoto yake tuna mutumin.

Sai dai hoton ya rufe sauran tarihinsa. Yekini ya shafe fiye da shekara ashirin yana cin abinci da ƙafarsa, a ƙasashe takwas na nahiyoyi uku, kuma shekarun ɗaukakarsa a cikinsu ba su wuce uku ba.

An haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin iyayensa Yarabawa ne daga garin Ira na Jihar Kwara ta yanzu. Kadunar da ya tashi a cikinta garin masaƙu ce, kuma a lokacin manyan kamfanoni ne ke riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo, don haka ba abin mamaki ba ne da ya fara da ƙungiyar masaƙar UNTL a farkon shekarun 1980. Daga nan ya wuce Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kulob-kulob na Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke ta. A wannan shekarar ce kuma ya fara sanya rigar ƙasa. Bayan Ibadan sai Abeokuta, inda attajiri Moshood Abiola ke ɗaukar nauyin Abiola Babes.

A 1987 ya ƙetare zuwa Africa Sports ta Abidjan. Matashin yau, wanda ya saba ganin yaro ɗan shekara 18 ya tashi daga makarantar ƙwallo kai tsaye zuwa Turai, zai yi mamakin wannan hanya. Amma a wancan lokaci tana da dalilinta. Najeriya ba ta fara gasar ƙwararru ba sai 1990, darajar naira ta fara zubewa tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, alhali kuɗin sefa na jingine da na Faransa. Ga shi kuma Stephen Keshi ya riga ya bi ta Abidjan ya isa Beljiyam. Yekini ya yi shekara uku a Kwaddibuwa yana cin ƙwallaye. Ƙirar jikinsa, da yadda yake ture masu tsaron baya, da ƙarfin bugunsa, su suka jawo masa laƙabin Bijimin Kaduna.

Yana dab da cika shekara 27 ya isa Turai, a 1990, kuma ba babbar ƙungiya ce ta ɗauke shi ba. Vitoria ce ta garin Setubal, wata tashar jiragen ruwa a kudu da Lisbon, a ƙasar da Benfica da Porto da Sporting suka mamaye komai. Ba a jima ba ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Wani ɗan wasan da ya haɗa kayansa, shi kuwa ya zauna. A kakar 1992/93 ya ci ƙwallo 34 a rukunin na biyu, Vitoria ta dawo sama. Masu cewa cin ƙwallo a ƙaramin rukuni ba gwaninta ba ce sun sami amsa a kakar da ta biyo, domin da ƙwallo 21 ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a babbar gasar Fotugal, a gaban 'yan wasan manyan ƙungiyoyin nan uku. Idan za a auna shi da adalci, wannan ya fi ƙwallon Dallas wuya nesa ba kusa ba.

A rigar ƙasa ma haƙuri ya sha. Sau uku Najeriya tana kai wasan ƙarshe na kofin nahiyar Afirka tana dawowa hannu rabbana: Kamaru a 1984 da 1988, Aljeriya a 1990. A Senegal a 1992 shi ya fi kowa cin ƙwallo da guda huɗu, amma matsayi na uku aka samu. A 1993 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar, ɗan Najeriya na farko da ya sami wannan lambar. A Tunisiya a 1994, ƙarƙashin mai horarwa Clemens Westerhof, ya ci biyu a ragar Gabon, biyu a ta Zayar, ɗaya a ta Kwaddibuwa, sannan Najeriya ta doke Zambiya da ci 2-1 ta ɗauki kofin. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka aka je Amurka.

Bai sake cin ƙwallo a gasar ba bayan ta Bulgeriya. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa tsakaninsa da wasu abokan wasansa ya yi tsami har suka rage ba shi ƙwallo, zancen da har yau ba a daina gardama a kansa ba. Abin da ke tabbas shi ne Italiya ta fitar da Najeriya a zagaye na biyu da ci 2-1, kuma daga nan al'amuransa suka fara ja da baya.

Olympiacos ta Girka ta saye shi, zaman bai yi daɗi ba, wasanni kaɗan ya buga. A Sporting Gijon ta Sifaniya ma ƙwallayen ba su zo ba. Siyasa ta ƙara nata: gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye Najeriya daga kofin Afirka na 1996 a Afirka ta Kudu, hukumar nahiyar kuma ta haramta mata na 1998, don haka ƙwallayensa a wannan gasa suka tsaya a 13. Ya koma Setubal a 1997, sannan ya ɗan farfaɗo a FC Zurich ta Suwizalan da ƙwallo 14 a kaka guda, abin da ya sa aka tafi da shi kofin duniya na 1998 a Faransa, inda galibi daga benci yake shigowa. Sai Bizerte a Tunisiya, sai Al-Shabab ta Riyad a Saudiyya.

Mai bin sawun tafiye-tafiyensa zai lura da wani abu: duk inda aka taɓa riƙe shi da mutunci, sai ya koma. Ya koma Setubal, ya koma Africa Sports a 1999, kuma bayan ɗan zama da Julius Berger ta Legas, ya koma Abeokuta a 2005 ya sanya rigar Gateway yana da shekara 41. A lokacin, yaran da ake haɗa shi da su a fili wasunsu ba a haife su ba sa'ad da ya fara wasa a UNTL. Ita kanta masaƙar ta rufe ƙofarta a 2007.

A Ibadan ya zauna bayan ya rataye takalmansa, nesa da hidimomin hukumar ƙwallo da tarukan tsofaffin 'yan wasa. Ba ya son fitowa a kafafen watsa labarai. Tun daga 2011 aka fara samun rahotannin cewa ba shi da lafiya, amma ƙasar da ya ci wa ƙwallo 37, adadin da babu wanda ya kai shi a lokacin, ba ta waiwaye shi yadda ya kamata ba.

Allah Ya yi masa rasuwa a Ibadan ranar Juma'a, 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48. An kai gawarsa Ira, aka yi masa sutura kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.