Rosny Babba (1856-1940): Marubucin Mutanen Zamanin Dutse

Duk ɗalibin adabi ya san cewa mai ƙaga labari a kan mutanen da yakan jingina ne da ɗayan abu biyu, ko dai rubutaccen tarihi, ko kuwa abin da kunne ya ji daga bakin magabata. To, yaya marubuci zai yi da al'ummar da ba ta bar rubutu ko labarin baka ba, sai ƙasusuwa da sassaƙaƙƙun duwatsu? A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba rayuwar wani marubuci da ya shafe kusan shekara arba'in yana fama da wannan tambaya.

Sunansa na yanka Joseph Henri Boex. An haife shi a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam a 1856, wato shekarar da aka tono ƙasusuwan wani mutumin dauri a kwarin Neander na ƙasar Jamus. Da ya tasa sai ya tafi Landan, inda ya yi kusan shekara goma yana aikin buga waya, ya kuma yi aure a can. Daga nan ya koma Faris, ya fitar da littafinsa na farko a 1886. Shi da ƙanensa sun daɗe suna rubutu da suna guda, wato J.-H. Rosny. Da suka raba jiha wajen 1908 sai aka riƙa kiransa Rosny Babba, ƙanen kuwa Rosny Ƙarami.

Ƙagaggun labaransa na zamanin dutse guda biyar ne, duka cikin Faransanci. Vamireh ya fito a 1892, Eyrimah ya biyo baya, sai La Guerre du feu, wato Yaƙin Wuta, a 1911, sai Le Félin géant a 1920, sannan Helgvor du fleuve Bleu a 1930.

Yaƙin Wuta shi ne ya fi shahara. Ƙabilar Ulhamar sun iya adana wuta cikin keji, amma ba su iya kunna ta ba. Da abokan gaba suka kai musu hari, wutar ta mutu, sai suka ga halaka ƙiri-ƙiri. Tauraron labarin, Nawo, ya fita nema tare da samari biyu. Ya ƙulla amana da giwayen dauri masu gashi, ya ƙwato wuta daga hannun masu cin naman mutane. Amma babbar ribar tafiyar ita ce haɗuwarsa da wata ƙabila mai rauni, wadda ta koya masa ƙyasta duwatsu. A nan jigon littafin yake: wanda ya gaji abu bai san yadda ake yin sa ba, kullum yana cikin fargaba, kuma sani yakan fito daga wurin wanda aka raina.

Dabarar Rosny ita ce ya ɗauki abin da masana suka tono ya mai da shi harsashi, sannan ya ɗora yunwa da tsoro da kishi da soyayya a kai, domin waɗannan ba su sake ba tun daga wancan zamani.

Yana cikin mutum goma na farko a majalisar marubuta ta Goncourt, ya kuma shugabance ta daga 1926 har rasuwarsa a Faris a watan Fabrairu na 1940. Bayan ransa, a 1980 aka kafa wata kyautar adabi da sunansa, a 1981 kuma Jean-Jacques Annaud ya mai da Yaƙin Wuta fim.

Binciken masana ya wuce abubuwa da dama da Rosny ya zata, amma har yanzu ana karanta shi. Dalili kuwa shi ne bai ɗauki mutanen farko tamkar dabbobi ba, ya ba su suna da zuciya da hankali. Wannan abin lura ne ga duk mai sha'awar rubutu a kan magabatan da tarihi ya yi shiru a kansu.