LIKITA MILA NA ZARIYA: MUTUMIN DA YA BA DA RANSA GA HARSHEN HAUSA

A wannan mako za mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda tsofaffinmu ke kira Likita Mila. Mai bi da ke buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa ran Lahadi, a Rano ne ko a ƙauyukan Kibiya, yana cin moriyar gumin wannan mutum, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Cikakken sunansa Walter Miller. An haife shi a ƙasar Ingila a shekarar 1872, ya kuma yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan. Da ya so, da ya zauna gida ya tara dukiya, amma sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya tafi birnin Tarabulus na Libiya, inda fatake da mahajjata Hausawa ke yada zango, ya zauna tare da su yana koyon harshe daga bakin masu shi. A can ya haɗu da wani yaro, Abdul Majid, wanda daga baya ya zama kamar ɗa a gare shi.

A shekarar 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci Turawan mishan su biyar, har da Mila, suka taso daga Ikko suka nufi Kano. Lokacin nan kuwa Turawa ba su ci Kano ba tukuna, Sarki Alu ne bisa gadon sarauta. Sarki bai gayyace su ba, bai kuma yarda da zamansu ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo suka sauka a Girku ta ƙasar Zazzau, inda ciwo ya kashe ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder. Sauran suka watse, aka ɗauka magana ta ƙare ke nan. Amma Mila bai fid da rai ba. Ya komo Girku a 1902, a shekarar 1905 kuma ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi.

A cikin birni ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Yakan sa riga da rawani, yana Hausa har mutane na mamaki. Ya kai wa Gwamna Lugga shawarar a kafa makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai inda za a koyar da karatun boko, amma gwamnati ta ji tsoron ɗora wannan aiki a hannun ɗan mishan, sai ta ba Ɗan Hausa, wanda ya buɗe tasa makarantar a Nassarawa ta Kano a 1909. Wannan bai hana Mila ci gaba da tasa ba, da 'yan yara kaɗan da yake ci da su, yake sha da su.

Wani babban al'amari ya same shi a shekarar 1913, sa'ad da ya haɗu da mutanen da ake kira Isawa. Waɗannan almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda ya ɗaukaka Annabi Isa cikin wa'azinsa har aka kashe shi saboda haka a ƙarni na 19, mabiyansa suka warwatsu zuwa wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Waɗansu daga cikin zuriyarsu suka karɓi bishara, aka kafa musu ƙauye a Gimi, da gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Mila ya sa rai ƙwarai cewa nan ne ikkilisiyar Hausawa za ta yi saiwa. Ashe wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa, dole aka tashi daga Gimi, yaran da suka tsira aka kai su makarantar Zariya. Ga likita, ga mutanensa suna mutuwa a gabansa bai iya tsai da ciwon ba. Wannan baƙin ciki ba ƙarami ba ne.

Mila bai tsaya ga wa'azi da magani kaɗai ba. Mutum ne da ba ya iya ganin zalunci ya yi shiru. Ya yi ta kai ƙara a kan cinikin bayi da ake yi a ɓoye bayan an hana, da aikin tilas, da ƙwacen da ake yi wa talakawa da sunan haraji. Yana cikin waɗanda suka kai ƙorafi a kan mulkin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe daga baya. Bai kuma ƙyale 'yan'uwansa Turawa ba, yana zarginsu da rufe ido a kan wahalar talaka don kada mulkinsu ya girgiza. Saboda haka rasdanoni da yawa ba sa ƙaunar ganinsa.

Gaskiya kuwa ɗaya ce, Mila ɗan Adam ne mai nasa rauni. Ya goyi bayan zuwan mulkin Turawa, yana ganin shi ne zai kawo gyara. Yana da zafin rai da kafiya, har abokan aikinsa na mishan sukan sha wuyar zama da shi. Kalamansa a kan sarakuna da addininsu sau da yawa sun yi tsauri, abin da ya ƙara wa maƙwabta zargi maimakon ya rage.

A shekarar 1929 aka fitar da mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, bisa matsin gwamnati. Mila bai so haka ba ko kaɗan, domin a ganinsa an raba bishara da jama'a ke nan. Sai ya koma Kano ya duƙufa a kan aikin da ya daɗe yana yi, wato juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da taimakon Hausawa masana harshe da ma'aikatan waɗansu ƙungiyoyin mishan. A shekarar 1932 aka buga cikakken littafin, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Wannan fassara ita ce ikkilisiyoyin Arewa suka riƙe kusan shekara hamsin kafin sabuwa ta fito, da ita kuma masu bishara suka shiga ƙauyukan Maguzawa na kudancin Kano.

Idan aka ƙidaya waɗanda suka tuba ta hannunsa, ba su da yawa. Amma dubi abin da ya tsiro daga wannan 'yar makaranta da Wusasa da ta gaje ta. Daga nan Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi ya yi karatunsa na farko.

Mila ya rubuta littattafai da Turanci yana faɗakarwa a kan halin da talakan Arewa ke ciki. Ya ƙare kwanakinsa a ƙasar Filato, ya rasu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekara 80.

To, 'yan'uwa, darasi a nan a fili yake. An kore shi daga Kano, Gimi ta watse, an fitar da shi daga Zariya, duk da haka bai ajiye alƙalami ba. Mai bishara da ke aiki a ƙauye da mutum goma kada ya karai, domin mai haƙuri shi kan dafa dutse. Mu kuma iyaye, littafin da wani ya ba da ransa ya juya mana, kada mu bar 'ya'yanmu su tashi ba su iya karanta shi ba. Mu riƙe ƙwazonsa da ƙin zaluncinsa, mu bar zafin bakinsa, mu zauna da maƙwabtanmu Musulmi cikin mutunci da salama. Ubangiji ya ba mu ikon yin haka. Amin.